Kwana 42 Bayan Kaciyar Babban Mutum

  Sharhinmu na yau magana ce ta manya, don haka ina neman afuwar iyayenmu da malamanmu tun kafin in fara. Zan taɓo abin da ba a saba faɗa a bainar jama'a ba, amma lafiya ce, kuma shirun da muke yi a kai yana kwantar da mutane a gadon asibiti. Maganar ita ce kaciyar babban mutum, da jinyar da ke biyo bayanta.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasar Hausa da nan Fombina, wato ƙasar Adamawa, idan za a yi wa yaro kaciya, gida gaba ɗaya ne ke shiri. A da ana jiran hunturu, bayan an kai amfanin gona gida, a tara yaran unguwa 'yan shekara shida ko bakwai, a kira wanzami. Da an gama, yaro ya zama ɗan gata. A yanka masa kaza, a gasa masa nama, a dama masa kunu, a sa kara tsakanin gwiwoyinsa don kada ya haɗe ƙafa cikin barci, a samu wani babba ya kwana kusa da shi yana lura. Ba mai aikensa, ba mai tura shi kiwo, har sai ya warke. Duk abin da za a ce game da aska da magungunan wancan zamani, iyayenmu sun gane abu ɗaya: mai ciwon kaciya yana buƙatar hutu, da abinci, da idon wani a kansa.

To, babban mutum fa? Shi a ɓoye yake zuwa. Ya ce wa iyalinsa zai je Numan ko Mayo Belwa gaisuwa, ya shiga asibiti, a yi masa aikin, ya fito yana takawa a hankali, ya tari Keke Napep ya koma gida. Washegari ya fita aiki don kada a tambaye shi me ya faru. Ba kaza, ba hutu, ba wanda ya sani balle ya duba shi. Ciwonsa ya fi na yaro girma, jinyarsa kuwa ba ta kai ta yaro ba. A nan matsalar take, kuma ita ce ta sa na kawo wannan sharhi.

Wani zai ce, a Najeriya ma akwai babban da ba a yi wa kaciya ba? Gaskiya ne binciken lafiya na ƙasa ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na mazan ƙasar nan an yi musu. Amma ragowar ma mutane ne, kuma suna cikinmu. Akwai wanda ya taso a gidan da ba al'adarsu ba ce, ya girma ya yanke wa kansa shawara. Akwai wanda ya karɓi Musulunci da girmansa. Akwai wanda aka yi wa tun yana yaro amma aikin bai yi kyau ba, sai an gyara. Akwai kuma wanda lalura ta kai shi: loɓa ta matse har fitsari yana wahalar fita, ko ta ja baya ta shaƙe kan gaba ta ƙi komawa, ko kumburi da ƙaiƙayi su riƙa dawowa, abin da ya fi damun masu ciwon suga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama abin gori. Masu bin Alƙur'ani da masu bin Littafi Mai Tsarki duk sun san Annabi Ibrahim, alaihis salam, da tsufansa ya yi kaciya. A cikin littafin Joshuwa ma an ba da labarin mazajen da aka yi wa kaciya a Gilgal, aka ce sun zauna a zango har sai da suka warke. Rundunar da ke shirin yaƙi ta dakata don jinya, balle kai da za ka je buɗe shago a babbar kasuwar Jimeta.

Aikin kansa ba ya daɗewa. A hannun likitan da ya san abin da yake yi, minti talatin ne zuwa awa ɗaya. A yi allurar kashe zafi a wurin, a cire fatar, a ɗaure jijiyoyin jini, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa, a naɗa bandeji, a sallami mutum a ranar. Ku riƙe maganar ɗaure jijiyoyi da ɗinki, domin nan ne bambancin babba da jariri yake. Jijiyoyin babba sun yi kauri, jini yana zuba da ƙarfi, kuma gabansa yana miƙewa cikin dare ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa nake roƙon wanzamanmu, tare da girmama sana'arsu da suka gada kaka da kakanni, da Sarakunan Aska da ke shugabantarsu: idan babba ya zo muku, ku nuna masa hanyar asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, wanda muka sani da FMC a da, muna da Asibitin Ƙwararru a Jimeta, kuma akwai likitocin tiyata. Ɗakin bayan kemis ma ba wurin wannan aiki ba ne.

Kafin a taɓa ka, akwai abin da ya wajaba ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba. In kana da ciwon suga, faɗa, domin suga in ya hau ciwo ba ya warkewa da wuri kuma yana saurin ruɓewa. In kana da sikila, faɗa. In a danginku akwai wanda jini ke daɗewa bai tsaya masa ba bayan yanka ko cire haƙori, faɗa. In kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, faɗa. Sannan ka tambayi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Matanmu suna samunta a lokacin awon ciki, mu maza kuwa da yawanmu rabonmu da ita tun muna goye, wasu ma ba a taɓa yi musu ba.

Yanzu an yi aiki, an dawo gida. Kwana biyun farko na kwanciya ne. Bandejin nan a bar shi a bushe, kada a kwance shi don leƙe, sai lokacin da likita ya ce, galibi bayan awa 24 zuwa 48. Ɗan jini kaɗan da ya ɓata bandeji ba abin tsoro ba ne. Kumburi da canjin launin fata a kusa da ɗinki su ma ana sa ransu, suna iya kai mako ɗaya ko biyu kafin su sauka. A sa kamfai mai ɗan kama jiki wanda zai tallafe gaba ya ɗaga shi sama zuwa ciki, domin barinsa yana lilo a cikin wando yana ƙara kumburi da zafi. A gida kuwa zane ko jallabiya sun fi wando mai kauri. Don zafi, farasitamol yana isar yawancin mutane, bisa ƙa'idar da aka rubuta, kada ya wuce giram 4 a yini. Kada a nemi tiramadol a wurin masu talla. Mun ga abin da ƙwayar nan ta yi wa samarinmu, ba sai na tsaya bayani ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar ruwa, domin ita ce ba a cika yi wa mutanenmu bayani ba, alhali ita ce ta fi shafar Musulmi. Mu mutane ne masu tsarki da ruwa duk bayan fitsari. Ke nan sau da yawa a yini ruwa zai kusanci ciwon. Wane ruwa ne? A unguwanni da dama na Jimeta, daga Jambutu zuwa Dubeli da Rumde, ruwan 'yan garuwa ne ake saye a jarka, a zuba a randa, a ɗiba a buta. Butar nan kowa na ɗauka, tana kwana a ƙasa a bakin bayan gida. Lafiyayyen jiki yana jure wannan, ɗanyen ɗinki ba ya jurewa. Don haka mai jinya ya ware butarsa shi kaɗai, a tafasa ruwa, a bar shi ya huce, da shi zai riƙa tsarki da wanke wurin. Ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa, ya zuba ruwan a hankali ba tare da gurzawa ba, ya tsane da ƙyalle mai tsabta ko bandejin asibiti. In likita ya ce a sa ɗan gishiri a ruwan, a bi yadda ya ce. In kan gaba yana mannewa a jikin kamfai, ɗan basilin mai tsabta yana hana hakan. Game da wankan janaba kuwa, idan mafarki ya faru a kwanakin da ba a son ruwa ya taɓa wurin, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayanin shafa a kan bandeji da kuma taimama ga mai rauni. A je a tambayi malami, addini bai matsa wa majinyaci ba.

Akwai kuma masu rage shan ruwa don tsoron zafin fitsari. Wannan kuskure ne babba, musamman a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Fitsarin da ya yi kauri ya fi yin raɗaɗi. A lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, inda samarin ƙabilar Kosa ke shiga daji don kaciyar al'ada, kusan kowace shekara ana rasa rayuka, kuma manyan dalilan su ne ƙishirwa da ruɓewar ciwo. A sha ruwa sosai. Wanda kuma yake da zaɓin lokaci, ya sa aikin a sanyin Disamba ko Janairu yadda iyayenmu suke yi, domin gumi da ɗinki ba sa shiri, kuma ya kauce wa watan azumi in ba lalura ta matsa ba.

Sai abin da ake shafawa. A nan ne zuciyata ta fi tashi. Mutum ya biya kuɗi an yi masa aiki mai tsabta, ya dawo gida, aboki ya ce masa ai garin bagaruwa ya fi saurin busar da ciwo. Wani ya ce toka. Wani ya ce a fasa kafso a zazzage garin a kai. Wani ya ce man goge baki, wani ma man birkin mota. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku sa komai a kan ɗinkin nan sai abin da likita ya ba ku. Ƙwayar tetanus tana zaune a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma garin da aka shanya a tsakar gida aka daka a turmi yana iya ɗauke da ita. A ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, inda aka yi wa maza sama da miliyan 30 kaciya a asibiti, an samu waɗanda tetanus ta kama bayan aiki, wasu suka rasu, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka gano sun shafa maganin gida a kan ciwon. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara shawararta a kan allurar rigakafi da tsabtar ciwo. Sifirit ma a bar shi, yana ƙona sabuwar tsoka.

Dare shi ne lokacin da ya fi wuya a makon farko. Gaba yana miƙewa cikin barci, ɗinki ya ja, mutum ya farka a firgice yana zaton komai ya tsinke. Yawanci ba abin da ya tsinke. A yi fitsari kafin a kwanta, a kwanta a gefe ɗaya a ɗan lanƙwashe gwiwa, in an farka da zafin a tashi a sake yin fitsari, zai lafa. Masu maganin ƙarfin maza da ke yawo da lasifika a bakin tasha, a yi nesa da kayansu a wannan lokaci. Kan gaba kuma zai yi ta jin taɓi fiye da kima na 'yan makonni, domin bai saba da gogar tufa ba. Wannan yana wucewa da kansa.

Maganar komawa aiki ta danganta da sana'a. Ma'aikacin ofis zai iya komawa bayan kamar mako ɗaya. Amma ɗan dako da ke sauke buhuna a kasuwa, da mai yasar rairayi a Binuwai, da masunci ko mai noman rani a Geriyo da ke wuni cikin ruwa da laka, da mai hawa babur ko keke zuwa ƙauye, su sai sun ƙara haƙuri, kuma kada su shiga ruwan kogi ko tafki sai ciwon ya rufe sarai. Na san abin da zai zo a ran mai sauraro: wanda sai ya fita yake samun na cefane, ina zai ga mako biyu na zama? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce a yi tanadi tun kafin ranar aiki, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce, wa ko ƙane ko ubangida, wanda zai riƙe gida na 'yan kwanaki. Ciwon da ya ɓalle saboda ɗaukar buhu zai ci kuɗi da kwanakin da suka ninka waɗanda ake gudun asararsu.

Yanzu ga babbar magana, wadda na sa a kan wannan sharhi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan kaciyar babba a ƙaurace wa kwanciyar aure har mako shida, kwana 42 cif. Zaren ɗinki yakan zube cikin mako biyu zuwa huɗu, mutum ya duba ya ga wuri ya bushe, ya ce ai na warke. Ciwon nan kamar sabon daɓen siminti yake, sama ta bushe ciki da saura. In aka yi gaggawa fatar tana tsagewa, a koma farko, ga kuma ƙofa an buɗe wa cuta. Bincike uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu a 2005, da Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda da aka wallafa a 2007, sun nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Amma wannan bayan an warke ne, kuma ragi ne kawai, bai zama katanga ba. A Rakai ɗin dai an sake lura cewa mazan da ke ɗauke da cutar, waɗanda suka koma ga matansu kafin ciwo ya rufe, sun fi saurin sa wa matan. Ke nan gaggawar ba mai ita kaɗai take cutarwa ba.

Saboda haka nake cewa uwargida dole ta sani. Maigida, matar da kuke kwana ɗaki ɗaya ba za ka ɓoye mata mako shida ba. In ka yi shiru, zargi zai shiga, ta ɗauka ka juya mata baya, kai kuma don ka kawar da zargin ka aikata abin da likita ya hana. Ka zaunar da ita ka faɗa mata, in da hali ku je wurin likita tare. Ke kuma 'yar'uwa, wannan sirrin mijinki ne, amana ce a hannunki, ba ta zuwa gidan suna ko bakin famfo. Ke ce mai tafasa ruwan, ke ce mai tuna masa ranar komawa asibiti. Ango kuma da ke shirin aure, kada ka bari sai saura mako biyu ɗaurin aure ka tafi asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka wata biyu ko uku.

Ga malamanmu da ke karɓar waɗanda suka shigo Musulunci, ina da roƙo cikin ladabi. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, kaciya sunna ce mai ƙarfi ga namiji, kuma malamai sun tattauna hukuncin babban da ke tsoron cutuwa. Shahadarsa ta inganta tun ranar da ya furta ta. Don haka kada a gaggauta masa, kada a kai shi inda za a yi aikin a tsaye. A haɗa masa kuɗin asibiti, a samo masa ɗakin da zai yi jinya, a wakilta mai kai masa abinci, domin sau da yawa irin wannan bawan Allah ba ya kusa da danginsa. Haka nake roƙon fastoci da dattawan coci idan wani daga cikin mabiyansu ya zo da irin wannan buƙata.

Mu mutanen Adamawa an san mu da kunya da kawaici, tarbiyya ce da muke alfahari da ita. Amma akwai alamun da in sun bayyana, kunya ba ta da wuri. Jinin da aka danne da tsabtataccen bandeji na minti goma bai tsaya ba. Kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Zazzaɓi. Mugunya ko wari. Ɗinki ya buɗe. Kan gaba ya fara yin baƙi ko ya yi sanyi, wanda sau da yawa bandeji ne ya matse. Fitsari ya ƙi fita na awoyi alhali mara ta cika. Ko muƙamuƙi da wuya su fara sanƙarewa, baki ya ƙi buɗuwa sosai. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ko da tsakar dare ne, a nufi sashen gaggawa na asibiti. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya kemis, kada a aika yaro da bayani a baki. Ma'aikatan jinya sun ga irinsa ba adadi, ba wanda zai yi maka dariya. Mu kuma muna roƙon ma'aikatan da su rufe ƙofa, su sassauta murya, su daina kiran lalurar mutum da ƙarfi a gaban layi, domin kalma ɗaya ta wulaƙanci tana hana namiji dawowa.

Ko da komai yana tafiya daidai, a koma a nuna wa likita a ranakun da ya sa: galibi bayan kwana biyu don cire bandeji, sai bayan mako ɗaya, sai kuma a ƙarshen mako na shida. Wanda aka yi wa aikin nan a 'yan kwanakin nan kuma yana jina, ɗauki kalanda yanzu ka ƙirga kwana 42 daga ranar da aka yi maka, ka sa alama, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.